Mawaƙiyar pop za ta koma kiɗan rawa na lantarki: ta ina ake farawa?

Tambaya: Ni furodusa ne, ina aiki da wata mawaƙiyar pop wadda yawancin waƙoƙinta ba su da sauri, suna tafiya ne tsakanin bugu 95 zuwa 100 a minti. Yanzu tana so ta gwada kiɗan rawa na lantarki, wanda ake kira EDM. Mun ɗauki muryarta ta wata tsohuwar waƙa mai bugu 98 mun ɗora a kan sabon kiɗa mai bugu 128. Muryar ta lalace, kiɗan kuma ya danne ta. Ina muka kuskure, kuma me ya kamata mu canza?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar ta fara tun kafin ku buɗe kwamfuta. Kun ɗauka sauya salo shi ne a cire tsohon kiɗa daga ƙarƙashin murya a sa sabo, alhali abin da ke canzawa shi ne wanda yake jan ragama. A waƙar pop murya ce uwargida, duk kayan kiɗa hidima suke yi mata. A kiɗan rawa na lantarki babbar ganga, wadda masu situdiyo suke ce wa kik, ita da bas, wato sauti mai kauri na can ƙasa, su ne suke riƙe da waƙar, murya kuwa ɗaya ce daga cikin kayan kiɗa. Idan mawaƙiyar ba ta yarda da wannan ba tun farko, duk gyaran da za ka yi a miksin, wato haɗa sautukan waƙa da daidaita su, ɓata lokaci ne.

Wannan ƙetarawa ba yau aka fara ta ba. A 1977 Donna Summer ta yi aiki da Giorgio Moroder a birnin Munich na Jamus, suka gina waƙar rawa a kan sintasaiza ta Moog, na'urar da take ƙirƙirar sauti da lantarki, maimakon makaɗa masu yawa. A shekarun 1980 salon house ya taso a Shikago, inda Frankie Knuckles yake juya faifai a gidan rawa na Warehouse, techno kuma ya taso a Detroit a hannun Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Na'urorin kamfanin Roland, wato TR-808 ta 1980 da TB-303 ta 1981 da TR-909 ta 1983, su ne suka ba waɗannan salo amon da har gobe ake kwaikwayo. Madonna ta yi nata sauyin a 1998 tare da William Orbit. Abin lura a nan shi ne sababbin waƙoƙi aka rubuta, da mutanen da suka san kiɗan daga ciki.

Abu na farko shi ne ku zaɓi salo, domin EDM laima ce mai faɗi. House yana tafiya ne tsakanin bugu 120 zuwa 128 a minti, techno daga 125 zuwa 140 ko fiye, trance kusan 130 zuwa 140. Dubstep 140 ne amma kunne yana jin sa kamar 70, drum and bass kuma yana wajajen 170 zuwa 176. Amapiano na Afirka ta Kudu yana kusa da 110 zuwa 115. Ga mawaƙiyar da bakinta ya saba da 98, ni zan fara da house mai sanyi, wajajen 118 zuwa 122. Tazarar ba ta da yawa, kuma salon yana barin fili ga murya. Tsalle kai tsaye zuwa 128 mai sintasaiza cike da kunne shi ne hanya mafi wuya, ko da yake ita ce kowa yake fara tunawa.

Ga dalilin lalacewar muryar. Daga 98 zuwa 128 ƙarin sauri ne na kusan kashi 30 cikin ɗari. Idan ka ƙara saurin ba tare da kulle amo ba, wato hana sauti hawa ko sauka, muryar za ta hau sama da kusan maɓallan piyano huɗu da rabi, idan ana ƙirga farare da baƙaƙe, sai ta koma ta ƙaramin yaro. Idan ka kulle amon, manhaja irin Ableton Live ko FL Studio tana yayyanka muryar ƙanana-ƙanana ne tana zubar da wasu tana liƙa sauran. A kashi 5 zuwa 8 kunne ba ya cika kamawa. A kashi 30 kuwa haruffa irin t da k da s suna guntulewa, numfashi yana zama ƙara, kuma rawar murya ta ɗabi'a, wadda takan kaɗa sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa, tana komawa makyarkyata. Babu manhajar da za ta gyara wannan.

Akwai dabarar rabi da ninki, amma ba ta cece ku ba. Waƙa mai bugu 62 zuwa 64 tana zama daram a kan house mai 124 zuwa 128, mai 70 tana zama a kan 140, mai 87 kuma a kan 174, domin kiɗan yana buga biyu a duk bugu ɗaya na murya. Waƙarku mai 98 ta faɗa tsakiya: ta yi nisa da 128, ta kuma yi nisa da 64. Saboda haka a sake rera ta, kuma kafin a sake rerawa a sake rubuta ta.

Sake rubutun yana buƙatar ɗan lissafi. Kowane bugu huɗu zagaye ɗaya ne. A saurin 128 bugu ɗaya yana cin milisakan 469, zagaye ɗaya daƙiƙa 1.875, zagaye 8 daƙiƙa 15, zagaye 16 daƙiƙa 30, zagaye 32 minti ɗaya cif. Duk wani babban sauyi a kiɗan rawa yana faɗowa ne a kan 8 ko 16 ko 32. Masu rawa suna jiran sa a wurin ko da ba su san suna ƙirge ba, DJ kuma da wannan ƙirgen yake haɗa waƙa da waƙa. Marubutan pop suna son ƙara zagaye ɗaya ko biyu kafin amshi don a ja rai. A rediyo abin yana da daɗi, amma a hannun DJ baiti mai zagaye 10 yana karya haɗi, kuma waƙar da take karya haɗi ba a sake sa ta.

Kalmomin ma sai an rage su, sau da yawa zuwa rabi ko ƙasa da haka. Layin da ta saba rerawa cikin kusan daƙiƙa 5 yanzu daƙiƙa 3.75 yake da shi. Idan aka cusa dukan gaɓoɓin a ciki, babu wurin numfashi, kuma kalmomin suna karo da ƙananan gangunan da suke cike gurbin da ke tsakanin bugu. A zaɓi jimla ɗaya gajeriya wadda za a iya maimaitawa sau takwas ba ta gundura ba, mai wasula dogaye a ƙarshe da za a iya ja. Labarin da pop yake bayarwa a baiti uku, a nan ana ba da shi ne a layi huɗu. Gwaji mai sauƙi: ta rera layin tana taka rawa da gaske. Duk inda numfashi ya yanke mata, kalmomi sun yi yawa a wurin.

Yanzu ginin waƙar, inda aka fi samun saɓani tsakanin mawaƙi da furodusa. Pop yana tafiya daga baiti zuwa amshi, amshin ne ƙololuwa. Kiɗan rawa yana da nasa tsari: shimfiɗa ta ganguna zalla, zagaye 16 ko 32, baiti, lafawa, inda kik yake ɗaukewa, hauhawa ta zagaye 8, inda ƙaramar ganga take ninka sauri amo yana hawa, sannan ɓarkewa, inda kik da bas suke dawowa da dukan ƙarfinsu. Ƙololuwar ita ce ɓarkewa. To ina amshi zai zauna?

Hanya ta farko, kuma wadda ta fi dacewa da mai murya mai kyau, ita ce a sa amshin a lafawa. A nan babu kik, babu bas mai nauyi, muryar tana tsaye ita kaɗai da piyano ko sauti mai laushi, kowa yana jin kalmomin. Idan ɓarkewa ta zo, sintasaiza ta karɓi karin amshin ta ci gaba da shi, mawaƙiyar ta yi shiru ko a bar guntayen muryarta suna tsalle a ciki. Hanya ta biyu ita ce a rera amshin a kan ɓarkewar, amma fa a rage kayan kiɗa su zama kik da bas da tafi da abu ɗaya mai sauƙi. Tsohon salon house mai piyano haka yake yi. Abin da ba ya aiki shi ne a haɗa cikakken amshi da cikakkiyar sintasaiza a lokaci ɗaya, kuma ina kyautata zaton abin da ya danne muku murya ke nan. Dukansu biyu suna neman wuri ɗaya a kunne, tsakanin Hz 1,000 zuwa 5,000 (Hz ma'aunin yawan kaɗawar sauti ne a daƙiƙa). Ka ɗaga murya, ɓarkewa ta yi sanyi. Ka ɗaga kiɗa, murya ta nutse. Maganin yana cikin tsarin waƙar, ba a cikin ikwalaiza, mai ƙara ko rage wani ɓangare na sauti, ba.

Wata ƙaramar dabara mai girman tasiri: a bugu na ƙarshe ko biyu kafin ɓarkewa, a ɗauke komai, a bar kalma ɗaya tata a fili. Kunne yana auna ƙarfi ne da abin da ya gabata, don haka shirun rabin daƙiƙa yana ƙara wa ɓarkewa nauyi fiye da ƙarin dB uku (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne). A kuma tace ƙasan sauti a lokacin hauhawa, daga Hz 30 a hau a hankali zuwa 200 ko 300, domin idan bas ya dawo a ji dawowarsa a ƙirji.

Za ku buƙaci siga biyu na kowace waƙa. Doguwa, minti 5 zuwa 7, mai shimfiɗa da rufewa na ganguna zalla, don DJ. Gajeriya, minti 2 da rabi zuwa 3 da rabi, don rediyo da manhajojin sauraro, inda ya kamata muryar ta shigo cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 na farko, tunda Spotify ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30. A fara gina doguwar sannan a yanko gajeriyar daga cikinta. Idan aka yi akasin haka, doguwar tana fitowa kamar waƙar pop da aka liƙa wa ganguna gaba da baya, kuma masu juya faifai suna gane hakan nan take.

Sai mazaunin waƙa, wato harafin kiɗan da aka gina ta a kansa. Furodusoshin rawa suna son F da G da A saboda bas: F na can ƙasa Hz 43.7 ne, G 49, A 55, kuma a nan manyan lasifikoki suka fi girgiza jiki. C na ƙasa Hz 32.7 ne, lasifikoki da yawa ba sa fitar da shi da kyau. Shi ya sa furodusa yakan zo da kiɗa a F ya ce a hau. Idan F ya sa amshinta ya kai inda take ƙoƙari da jijiyar wuya, a sauya. A zauna da piyano a nemo inda ƙololuwar amshin take fita ba tare da matsi ba, a bar mata ragowar maɓalli ɗaya ko biyu a sama, domin ranar da za ta rera a dandamali tana haki take. Idan mazaunin ya faɗa C ko D, a ɗaga bas da oktaf ɗaya, wato maɓallan piyano 12, a bar wa kik ƙasan. Ana iya yi wa bas dabara, maƙogwaro kuwa ba a yi masa.

Wajen ɗaukar murya, a ɗauka a bushe, ba amon ɗaki ba amsa-kuwwa a cikin fayil, ko da an sa mata su a kunne don ta ji daɗin rerawa. Bit 24, kHz 44.1 ko 48, ƙololuwar ƙara tsakanin -12 da -6 dB, bakinta kamar santimita 15 zuwa 20 daga makirufo, da matacin iska a tsakani. A ɗauki babbar murya, a ninka amshi sau biyu don hagu da dama, sannan a ɗauki abin da mawaƙan pop ba su saba bayarwa ba: dogayen wasula a kan kowane harafi na mazaunin, kowanne daƙiƙa 3 ko 4, raɗa, numfashi, kalmomi ɗaiɗai da aka faɗa ba a rera ba. Daga waɗannan ake yin guntayen murya da shimfiɗar sauti. Rerawar kanta ta bambanta. Pop mai sanyi yana son a ɗan makara a bayan bugu, abin yana ba da shauƙi. A kan kik mai buga huɗu ba fashi, makarar milisakan 40 kuskure take zama. Ta rera a kan bugu, ta rage lanƙwasa murya a ƙarshen layi.

Idan waƙar da harshen da ma'anar kalma take rataye da karin sauti da tsawon wasali ce, a kula wajen yayyanka murya. Gutsure wasali ko ɗaga shi sama yana iya mayar da kalma wata daban. A yanko guntayen daga wasulan da aka ɗauka daban, a bar kalmomin amshi yadda suke.

Auto-Tune, mai gyara karkacewar murya daga harafin kiɗa, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997, a wannan salo ado ne da ake zaɓa da gangan. Idan ana son amon na'ura a fili, a sa saurin gyara kusa da sifili. Idan ana son muryar ta zauna ta mutum, a bar shi wajajen milisakan 20 zuwa 40, ko a gyara da hannu a manhajar Melodyne. Sintasaiza ba ta kauce wa harafi ko kaɗan, saboda haka ɗan karkacewar da gita ko piyano na gaske suke rufewa, a nan tana fita tsirara. Tsaka-tsaki ne ya fi muni, inda ake jin na'urar tana kama murya amma ba ta kai a ce ado ba ne.

A miksin, doka ta farko ita ce kik da bas ba sa magana lokaci ɗaya. Ana sa kwamfuresa, wato mai danne ƙarfin sauti, a kan bas, a ba ta kik ya zama mai kunna ta, ta yadda duk bugun kik bas zai kauce. A fara da matsi 4 bisa 1, kamawa mai sauri sosai, saki tsakanin milisakan 120 zuwa 200, ragin dB 4 zuwa 8. Idan sakin ya yi tsawo, bas ba ya dawowa kafin rabin bugu, wanda a 128 milisakan 234 ne, sai waƙar ta yi rami. Idan ya yi gajarta, za ka ji ƙas-ƙas a ƙasan sauti. Wannan dabara ana yin ta tsakanin murya da sintasaiza ma, amma da sauƙi: ikwalaiza mai motsi ta rage dB 2 zuwa 3 daga sintasaiza a wajajen Hz 2,000 zuwa 4,000 duk lokacin da take rerawa, ta saki idan ta yi shiru. Babbar muryar kanta kada a sa ta kauce wa kik sosai. Fiye da dB ɗaya ko biyu, kalmomi suna fara tsinkewa.

A yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 80 zuwa 100 daga murya, a ɗan rage laka a wajajen 200 zuwa 400, a sa mai rage kaifin s tsakanin 5,000 zuwa 8,000, domin manyan lasifikoki suna mayar da s wuƙa a kunne. Amsa-kuwwa a ɗaure ta da saurin waƙa: a 128, milisakan 469 ko 234 ko 352. Amon ɗaki a jinkirta shigowarsa da milisakan 30 zuwa 60, a yanke ƙasansa daga Hz 250, a kuma sa ya lafa idan tana rerawa ya buɗe idan ta tsaya. Duk abin da ke ƙasa da Hz 120 ya zauna a tsakiya, kada a baza shi hagu da dama. Gidajen rawa da yawa suna haɗe ɓangarorin biyu wuri ɗaya, kuma bas ɗin da aka baza yana iya cinye kansa ya ɓace. Wannan matsala tana shafar ninkin murya ma, idan kwafi aka yi aka jinkirta maimakon a sake rerawa. Ka riƙa danna maɓallin mono, wanda yake haɗe hagu da dama, kana saurare tun ana cikin aiki.

Batun ƙara kuwa, Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa kusan -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya, waƙoƙin gidan rawa kuma akan matse su zuwa -8 ko -6. Wadda aka matse sosai, manhaja za ta rage ta, sai a yi asarar motsin sauti a banza. Wadda aka bari a -14, idan DJ ya sa ta bayan wata mai -7 za ta zo a raunane. Ni ina ganin ya fi a yi mastarin, wato gyaran ƙarshe kafin a fitar da waƙa, kala biyu: doguwar siga mai ƙarfi, gajeriyar kuma wajajen -10 ko -9 da ƙololuwa ƙasa da -1 dB. A kai wa mai mastarin miksin da bai wuce -6 dB ba. A saurara a waya, tunda ƙaramar lasifikarta ba ta fitar da ƙasan bas. Idan layin bas ya ɓace gaba ɗaya, a ƙara masa ɗan kaushi don ya haifi amo a sama. Sannan a nemi DJ ya sa ta a babban wuri kafin a sake ta, kai kuma ka tsaya a tsakiyar fili, ba kusa da na'ura ba.

Akwai maganar haƙƙi, kuma ta shafe ku kai tsaye. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na rubutu, wato kalmomi da kari, da na rikodin ɗin da aka ɗauka. Tsohuwar muryar da kuka ɗora a kan sabon kiɗa tana cikin rikodin, kuma idan kamfani ne ya fitar da waƙar, mai yiwuwa shi ne mai ita, ba mawaƙiyar ba. Wasu kwantiragi ma suna hana sake rera tsohuwar waƙa na wasu shekaru. A karanta takarda kafin a kashe kuɗin situdiyo. A sababbin waƙoƙi, furodusan da ya gina kari da jerin sautuka marubuci ne shi ma, don haka a rubuta rabon kowa a sa hannu ranar da aka gama, tun ana dariya. Duk guntun da aka ɗauko daga waƙar wani yana buƙatar izini biyu, komai gajartarsa; maganar cewa daƙiƙa kaɗan halal ce ba ta da tushe. Guntayen da ake saya a rumbuna irin Splice an halatta amfani da su, amma ba naka kai kaɗai ba ne, wani yana iya riga ka fitar da waƙa da guntu ɗaya, na'urar gano kwafi ta YouTube ta kama taka. Kada a gina amshi a kan irinsu. Kowace siga, doguwa da gajeriya da rimiks, wato sigar da aka sake wa kiɗa, tana buƙatar tata lambar ISRC, lambar shaidar rikodin.

Dandamali wani aiki ne daban. Mawaƙiyar da ta saba da makaɗa ta saba su bi ta: ta ja layi su jira, ta maimaita amshi su biyo. Kwamfuta ba ta jira. Tana buƙatar abin saurare na cikin kunne mai ɗauke da ƙirgen bugu da murya mai sanar da ita shigowa, wanda jama'a ba sa ji. Idan muryarta tana bi ta kwamfuta don Auto-Tune ko wani ado, jinkirin gaba ɗaya kada ya wuce milisakan 10, in ba haka ba za ta ji kanta biyu ta rikice. Ma'ajin samfur, wato yawan guntayen sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta sarrafa, 64 ko 128 a kHz 48 yakan isa. Samfur 128 ɗin milisakan 2.7 ne a kowane ɓangare. A tanadi na'ura ta biyu mai ɗauke da kiɗan, tana tafiya tare da ta farko. Idan da DJ take aiki a kan CDJ na Pioneer, wato na'urar da DJ yake kunna waƙa da ita, a tabbatar ya kunna makullin amo, domin ƙarin sauri na kashi 6 ba tare da shi ba yana ɗaga waƙar da maɓalli guda, Auto-Tune kuma ya ci gaba da jan ta zuwa tsohon mazauni. Abin da ke fita daga nan ba ya sauraruwa.

A kuma shirya abin da za ta yi a zagaye 32 na ɓarkewa, minti guda da babu rerawa. Mawaƙan da ba su shirya ba sukan cika wurin da ihu, su kashe murya kafin waƙa ta huɗu. Kunne ma abin tsaro ne. Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka ya nuna dB 85 na awa 8 ne iyaka, kowane ƙarin dB 3 yana raba lokacin biyu, don haka a dB 100, wanda gidajen rawa suke kaiwa, minti 15 ne kawai. Abin kunnen ya zama wanda aka auna da kunnenta, ya toshe ƙarar waje, kuma kada ta cire ɗaya ta bar ɗaya, domin hakan yana sa a ƙara wa wanda ya rage ƙarfi fiye da kima.

Wajen fitarwa, kada a fara da kundi. A ba furodusan rawa mai suna a salon ya yi rimiks na waƙa ɗaya, da izini, a ga yadda masoyanta za su karɓa. Daga nan ta fito a matsayin baƙuwa a waƙar wani, inda jama'arsa za su ji ta ba tare da ta ɗauki nauyin duka ba. Sannan ƙaramin kundi mai waƙa huɗu a salo ɗaya, ba kowace waƙa da nata ba. Wasu tsofaffin masoya za su yi ƙorafi, wannan babu makawa; sigar piyano da murya zalla ta amshin takan rage zafin, kuma ba ta da tsadar yi. Masu juya faifai kuwa a aika musu doguwar siga a WAV ko AIFF makonni 3 zuwa 4 kafin fitowa, da saurin bugu da mazauni rubuce a sunan fayil, haɗe da muryar zalla da kiɗan zalla, a kuma sa ta a Beatport, inda yawancinsu suke sayen waƙa. Yawan sauraro a makon farko masoyanta na da ne suke kawo shi, ba ya gaya muku komai game da sabon salon. Ku duba ko DJ da ba ku roƙa ba yana sa waƙar bayan wata biyu, da kuma a wane zagaye yake fita daga cikinta. Idan kullum kafin ɓarkewa ta biyu yake fita, tsakiyar waƙar ta yi tsawo, a rage zagaye 16 daga lafawa a waƙa ta gaba.